Rasuwar Barakatu Mai Komawa Gida da Baya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani tsoro da ya fi baƙin cikin nauyi, Jibo ɗan marigayi Malam Yakubu, manomin auduga a Zangon Tur'a da ke yamma da Sinnar a ƙasar Sudan, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, na Jazira da na bakin kogi har zuwa Sinja, rasuwar motarsa Barakatu. Ta cika ranar Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, a kan hanyar bakin tur'a, wato babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakinmu, fuskarta na duban gabas. Liman ya ja mana kunne cewa ba a ce wa ƙarfe Allah ya jiƙansa, mun kuwa bi maganarsa. Sauran abin da ake faɗa wa mamaci dai bai hana ba, don haka za mu faɗa. Mu maƙwabtan Jibo ne muka rubuta masa wannan sanarwa.

Marigayiya haifaffiyar ƙasar Ingila ce. Koriya ce shar, kujerunta na jan fata, kanta kuwa buɗe yake, sai rufin tamfol da ake naɗewa baya in ana son iska, a jawo shi in rana ta yi fushi. Ta zo ƙasar nan tare da wani Bature mufattishi mai zagayen duba gonaki, ta yi ƙuruciyarta tana tsorata manoma. Da Turawa suka tashi komawa aka zuba kayan Baturen a gwanjo a Sinnar, a nan Allah ya haɗa ta da Jibo.

Wanda bai san gidan ba ba zai gane abin da ke kaɗa hantar Jibo ba, don haka bari mu faɗa tun yanzu. Mahaifiyarsa, Inna Raliya, ta baro ƙasar Sakkwato da ƙafa tun tana da ƙuruciya, ita da Malam Yakubu, da niyyar aikin hajji. A hanya ta haifi Jibo, kuma da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, Ɗan Hanya take ce masa. Suka yada zango nan don su tsinci auduga kaka ɗaya su ƙara guzuri. Kakar nan ce ba ta ƙare ba har Malam ya riga mu gidan gaskiya, Jibo ya gaji gona, ya yi aure, ya tara 'ya'ya, gemunsa ya fara furfura. Inna dai har gobe matafiya ce. Ta kuma sha faɗa a gaban kowa, ba tare da ta rage murya ba: "In nis sa ƙahwata Makka, can za a bizne ni. Kai dai ka raka ni, ka komo ga ɗiyanka." Jibo ya san Inna ba ta maganar da ba za ta cika ba. Abin da yake tsoro ke nan tun yana saurayi, cewa ranar da ya kai ta, ranar ya rabu da ita.

Shekarar da auduga ta yi albarka, Inna ta tura shi Sinnar ya yanko musu tikitin jirgin ƙasa zuwa Bur Sudan, inda ake shiga jirgin ruwa a ƙetare zuwa Jidda. Ya tafi da safe a kan jaki. Ya dawo da yamma a cikin Barakatu, jakin na biye a ɗaure, kuɗin tikiti sun tafi gwanjo.

"Inna," in ji shi, yana duban ƙasa, "jirgi cunkoso gare shi, ga ɓarayi. Wagga arabiyya ita za ta kai ki har bakin ruwa, kina zaune awa sarauniya. Gyara kaɗan take so."

Inna ta shafa murfin injin, ta shinshina tafin hannunta, ta ce, "To, a gyara."

Gyaran nan shi marigayiya ta yi ta sha har ƙarshen rayuwarta.

Akwai alwashin da Inna ta ɗauka ranar da ta baro gida, cewa ba za ta ƙara tafiya tana fuskantar yamma ba sai ta ga Ɗakin Allah. Zirga-zirgar tsakar gida ba ta cikin lissafi, amma da zarar ta fita ƙofa, ƙafarta gabas kawai ta sani. Akwai ƙauyen da ke yamma da mu, ana jin kiran sallarsu daga nan, Inna ba ta taɓa zuwa ko gaisuwar mutuwa ba. Haka kuma ta hana a yi ginin ƙasa a gidan, ta hana a dasa itace, wai mai wucewa ba ya shuka abin da ba zai ci ba. Sharifa matar Jibo ta taɓa dasa lemun tsami bayan madafa, Inna ta tumɓuke shi da hannunta. Sharifa ta tsince shi ta mayar cikin gwangwanin kananzir, ta ce ai abin da ke cikin gwangwani kaya ne, ana iya ɗauka a tafi da shi. Inna ta auna maganar, ta ga ba ta da ƙofar shiga, ta ƙyale. Lemun yana nan a gwangwaninsa, ya tsufa bai girma ba. Saboda haka duk faɗin gidan Jibo babu wata inuwar kirki sai ta tamfol ɗin Barakatu.

To, kowace Juma'a bayan la'asar ake fita abin da Jibo ke kira gwaji. Inna ta yi wanka, ta yafa farin mayafi, ta hau kujerar baya da tasbahanta, a naɗe rufi don ta sha iska. Jibo ya kama hannun tayarwa ya yi ta murzawa. Barakatu ta ce kir-kir-kir, ta yi shiru kamar mai shawara, ta ce tuf, ta ƙara cewa tuf, sannan ta kama gurnani. Su miƙe gabas a bakin tur'a, auduga dama da hagu, har su kai ƙofar ruwa inda akwai 'yar gadar katako. A nan Jibo zai taka birki, ya karkata kunne wajen inji, ya girgiza kai.

"Inna, kin ji wanga ƙara? Ba ta kai ko Gadarif haka, balle Bur Sudan."

"Na ji, Ɗan Hanya."

Sai komawa gida. Juya mota kuwa ba zai yiwu ba, don in an juya, fuskar Inna ta dubi yamma. Saboda haka Jibo ya sa ribas, ya murɗa wuya ta kan kafaɗa, su taho da baya tun daga ƙofar ruwa har tsakar gida, Barakatu na kukan nan nata mai tsawo, wiiiii, Inna na zaune daram tana kallon gabas tana jan tasbaha. Duk mutumin Zango ya san kukan. Da an ji shi masu awaki su janye awakinsu, mata masu ɗebo ruwa su hau tudu, don Jibo da baya ba ya bambanta tulu da mutum. Baƙo ya kan tsaya baki buɗe, mu kuwa mun saba har ba ma ɗaga kai. Wuyan Jibo ne ya biya, yau ko a sahun salla sai ka ɗauka na damansa yake harara.

Halayen marigayiya na kirki ba su ƙirguwa. Ba ta da girman kai, duk da a gidan Bature ta tashi, ta ɗauki buhunan dawa, ta ɗauki mai naƙuda zuwa asibitin Sinnar, ta ɗauki rago a kujerar da mufattishi ke zama. Ba ta taɓa tashi a murzawar farko ba, amma ba ta taɓa ƙin tashi gaba ɗaya ba. Hon ɗinta ba-uuu yake cewa, da murya irin ta saniyar da aka raba da ɗanta, kuma ba ta amfani da shi sai dole. Babbar kyautar da ta yi wa mai ita kuwa ita ce rufin asiri. Duk shekara in lokacin tafiyar alhazai ya matso, sai ta samo wata larura. Bana lagireto na yoyo, baɗi taya, wata shekara birki. In ta rasa abin cewa damina ta taimake ta, don kowa ya san laka ba ta barin mota ta kai Gadarif. Muddin Barakatu na tsakar gida, akwai tafiya, kuma ba a tafi ba. Jibo bai taɓa neman abin da ya wuce haka a duniya ba.

Ciwon ajali ya fara ne daga ribas. Usɗa Mahmudu, makanikin da ke duba ta tun zuwanta, ya sha gaya wa Jibo cewa Turawan da suka ƙera ta sun yi wannan giya ne don a ɗan ja da baya a ƙofar gida, ba don a yi ta tafiyar zango da ita ba. Tun farkon rani kukan wiiiii ya fara shaƙewa, ya koma da wani gurr a ƙarƙashinsa. Jibo ya ƙara mata mai, ya ɗaura mata laya a sitiyari, ya ba da sadakar waina.

Ranar Juma'ar nan suka kai ƙofar ruwa kamar kullum. Jibo ya taka birki, ya karkata kunne, ya faɗi abin da ya saba faɗa, Inna ta ba shi amsar da ta saba bayarwa. Ya tura giya ribas. Barakatu ta ce ƙarrr. Ya sake turawa da hannu biyu, ta ce ƙarrr, ƙas, sandar giya ta dawo tana lilo. Inji na aiki lafiya lau, giyar gaba duk suna shiga, baya ce kawai babu. Gumi ya karyo wa Jibo tun daga ƙarƙashin hula. Ya dubi hanyar da ta miƙe bayan gada, wadda bai taɓa taka ta da Inna ba. Sai ya ji dariya a bayansa, irin wadda rabonsa da jin ta tun Malam na da rai.

"Ita ma ta gaji da komawa," in ji Inna. "Halas, magana ta ƙare. Tahi gaba."

"Inna, ba mu ɗauko komi ba. Ko ruwa..."

"Ga tur'a nan cike da ruwa. Na ce tahi gaba."

Ba a yi wa Inna musu sau biyu. Ya sa giya ya taka totur, katakon gada ya yi ƙara a ƙarƙashinsu, suka ƙetare. Masu ban ruwa da ke wurin sun ce fuskarsa ta yi fari fat, leɓɓansa na motsi, ba su san ko addu'a yake yi ko roƙon motar yake ba. Inna kuwa ta zame mayafi daga kanta, iska na kaɗa furfurarta, tana cewa labbaika a hankali. Suka wuce gonar farko, suka wuce ta biyu. Daga nan Barakatu ta yi tari, ta ce tuf, ta ɗan gangara, ta ce tuf a karo na ƙarshe, wani farin hayaƙi ya fito ta ƙarƙashin murfi, shi ke nan. Masu tsegumi suna cewa hannun Jibo ya kai wajen makulli. Usɗa Mahmudu ya buɗe ta ya duba, ya rantse injin ne ya cije, kuma mu maganar Usɗa muka rubuta.

Majiya ƙarfi suka taru suka turo gawar gida da baya, Inna na ciki. Jibo na riƙe da sitiyari, kuma Allah ya gani, a wannan tafiyar ransa fari ƙal, yana ta lissafin shekarun da za a yi ana neman sabon inji daga Hartum. Da aka iso Inna ta sauko, ta dafa ƙofar motar, ta ce, "Ta rasu?"

"Suma ta yi, Inna. Usɗa zai..."

"Na wanke gawa ta hi ashirin garin ga, na san mutuwa in na ji ta. Ba a kwana da gawa cikin gida ana kallo. A kira mai dalala, a kai ta gwanjo inda anka ɗauko ta. Abin da anka samu a yanko muna tikiti, biyu na zuwa, guda na komowa."

Tun daga wannan magana Jibo bai ci abincin kirki ba.

Marigayiya ta rasu ta bar hannun tayarwa, wanda yanzu ke rataye jikin dangar gida ba aikin yi. Ta bar safayar taya da kazar Sharifa ke ƙwai a ciki, da jak wanda bai taɓa ɗaga komai daidai ba, da tamfol mai faci kala-kala. Ta bar Usɗa Mahmudu, wanda a sanadinta ya aurar da 'ya'yansa mata cikin rufin asiri, shi ya sa kukansa ya fi na kowa ƙarfi. Ta bar jikokin Inna da suka yi wayo a kujerarta. Ta bar wuyan Jibo a karkace, ta kuma bar shi ba shi da sauran abin da zai ce wa mahaifiyarsa.

Mai makoki ya roƙe mu mu sanar da masu niyyar zuwa gwanjo wasu abubuwa, wai don kada ya ci haƙƙin kowa. Injinta ya mutu murus. Ba ta da ribas. Ɓeraye sun yi gida a kujerar gaba, an kuma taɓa ganin kububuwa a ƙarƙashin ta baya. In ana ruwa, wanda ke cikinta ya fi na waje jiƙewa. Duk wannan gaskiya ne, mun shaida, ko da yake ba mu taɓa ganin mai kaya yana tallan aibin kayansa da irin wannan himma ba. Fatansa a buga ƙararrawa kowa ya noƙe hannu, a dawo masa da gawarsa ya ci gaba da jinya.

Sai dai labari ya riga ya kai Wad Madani. Shekaranjiya wani attajiri ya zo da kansa, da jallabiya fara sol da rawani kamar faifai, ya zagaya ta yana shafa fitilu. Ya ce irinta ta ƙare a ƙasar nan, zai sa mata injin wata motar ya riƙa ba da ita haya ana zagaya gari da amare. Jibo ya bi shi a baya yana ba shi labarin ɓeraye. Attajirin ya ce da Larabci, "Kwayyis," wato madalla. Jibo ya ba shi labarin kububuwa, har ya ƙara mata tsawo. Attajirin ya ce, "Kwayyis, ya Haj, ma fi mushkila," wato ba damuwa. Da ya ji an kira shi Haj tun bai je ba, sai Jibo ya zauna a kan matakin motar.

Jiya da hantsi ya sami Inna tana shanya likkafaninta a kan igiya, wanda ta taho da shi tun daga Sakkwato, take wanke shi duk shekara. Ya durƙusa nesa kaɗan.

"Inna, teku nika tsoro. An ce jirgin na juyawa da mutane."

"Kai da kac ci kasuwa cikin kwalekwale kan kogin Bahar Azrak yana cike? Hwaɗi wata."

Ya yi ta tonon ƙasa da tsinke. Can ya ce, da muryar da ba mu taɓa jin dattijo ya yi magana da ita ba, "In na komo, wa zan iske?"

Inna ba ta juyo ba, ta ci gaba da miƙar da bakin ƙyallen. "Tun ranar da kaz zo da jaki ɗaure ga arabiyya na san abin da ka yi. Kunnena ya hi naka, ban taɓa jin ƙaran da kake ji ƙohwar ruwa ba. Na bar ka ne don ɗiyanka ƙanana na, ni ma ina son ganin su. Yanzu sun girma, idona na ruhewa, ina so in ga Ɗakin da sauran gani." Ta sauke hannu ta ce, "Kira min Sharifa, ta zo da gwangwaninta."

Ga yadda jana'iza za ta kasance. Ranar Alhamis da hantsi za a ɗaura wa marigayiya shanun noma biyu a ja ta zuwa Sinnar, ta hanyar bakin tur'a, a ƙetare gadar katako. Inna Raliya za ta zauna a kujerarta ta baya da ƙunshinta, an kuma umarta a naɗe rufi. Jibo zai riƙe sitiyari, wannan karon yana duban gabansa. Za a yi gwanjon a filin da ke kusa da tashar jirgi, mai dalala zai buga ƙararrawa bayan azahar. Mai makoki yana roƙon jama'a su halarta don zumunci, su kuma bar hannuwansu cikin aljihu. Inna ta ce duk wanda ya ƙara ko sisi tana sa shi a addu'a a Arfa. Kowa sai ya zaɓi wanda zai ɓata wa rai. Masu son yin bankwana da Inna su zo gida kafin a ɗaura shanu, don ta ce daga tasha ba ta waiwaye.

Marigayiya ba za ta sami kabarin da za a ziyarta ba, amma wurin kwananta ba zai zauna fili ba. Da zarar an ja ta daga tsakar gida, tsakanin sawun tayoyinta, za a fasa gwangwanin kananzir a sa lemun Sharifa a ƙasa. Inna ce ta ba da umarni, ita ce kuma za ta tura ƙasar farko da hannunta. Jibo ya tuna mata cewa mai wucewa ba ya dasa itace, ta ce masa, "Tahiyag ga tawa ta, Ɗan Hanya. Kai ka iso tuni." Ya ce shi zai haƙa ramin. Fartanya na jingine a wurin tun jiya, ya zagaya ta sau da yawa bai ɗauka ba.

Ana roƙon maƙwabta su taimaka wa Sharifa da ba lemun ruwa har Jibo ya dawo. Ranar da ya dawo za a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida a karɓi gaisuwa, a kuma taimaka kada wani ya tambaye shi ina Inna.